Aikin Sa-kai Ya Tashe Ni Daga Kwance, Amma Maiɗakina Ta Ce Ni Inuwar Giginya Ne

Assalamu alaikum Malam. Don Allah a sakaya sunana. Ni magidanci ne, shekarata 43, haifaffen Maiduguri, ina da mata ɗaya da 'ya'ya biyar. Shekara 14 na yi ina sayar da atamfa da shadda a Kasuwar Monday, sai gobarar watan Fabrairun 2023 ta cinye shagona ƙurmus. Fiye da rabin kayan da suka ƙone bashi na ɗauko a wurin maigidana a Kantin Kwari. Har yau yana bi na naira miliyan 2 da dubu 400, kuma na daina ɗaga wayarsa saboda kunya. Bayan gobarar na yi shekara ɗaya da rabi a ɗaki. Ba barci, ba cin kirki, ba na son ganin kowa. Masallaci ma sai an tayar da salla nake shiga sahun ƙarshe, ana sallamewa in sulale. Maiɗakina ce ta fara tuyar awara a ƙofar gida, da ita muke ci har yau.

Daren da ruwa ya shigo gari a watan Satumbar 2024, ni da wanka ma sai an yi da gaske nake yi, sai ga ni cikin ruwa har ƙirji ina goyo tsofaffi da yara ina kai su tudu. Tun daga ranar ban koma kwance ba. Da ruwa ya janye muka haɗu mu 20 a unguwa muka kafa ƙungiyar taimakon kai da kai. Mun yashe magudanan ruwa, mun gyara aji biyu na Islamiyya, muna tara wa marayu kuɗin makaranta, muna kai marasa lafiya asibiti. Ni ne sakatare. Wallahi Malam a nan na sake jin cewa ni mutum ne.

To amma gida ba lafiya. Ina fita bayan asuba, sai isha nake dawowa, ba na kawo ko sisi, wani lokaci ma kuɗin Keke a cinikin awararta nake ɗauka. Kwanaki aka koro babbar 'yata daga makaranta saboda kuɗin zango, a ranar da nake yawon biya wa marayu bakwai nasu. Maiɗakina ta ce ni inuwar giginya ne, na nesa ka sha, in ban canza ba za ta tafi gidansu. Yayana ya ce ɓuya nake yi a bayan aikin lada don kada in fuskanci bashina. Ga kuma wani ɗan siyasa ya ce zai ba ƙungiyar kuɗi in za mu sa sunansa. Tsorona in na bar aikin nan in koma ɗakin da na fito. In bari ne ko in ci gaba?

Daga wani ɗan'uwa a Maiduguri

*

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Sannu ɗan'uwa. Allah ya mayar da alheri, ya sa kaffara ce, ya kiyaye gaba.

Kafin mu zo kan bari ko ci gaba, akwai abin da nake jin ba wanda ya zaunar da kai ya faɗa maka. Wutar nan ta zo muku a lokacin da ya fi kowane muni ga mai sayar da tufafi. Fabrairun 2023 watan canjin kuɗi ne, mutane na kwana a layin banki, ciniki ya tsaya cik, shaguna cike da kaya, ga azumi na ƙaratowa masu atamfa sun fara tanadin kayan Sallah. Ranar 26 ga wata, washegarin zaɓen shugaban ƙasa, wuta ta tashi. Wata uku bayan haka aka cire tallafin man fetur, aka saki naira, farashin turmi ya yi tashin gwauron zabo, har wanda bai yi gobara ba sai da jarinsa ya tsotse. Ba ku gama farfaɗowa ba madatsar Alau ta ɓalle ranar 10 ga Satumbar 2024, ruwa ya shanye Gwange da Fori, ya shiga fadar Shehu da asibitin koyarwa, irin wanda garin bai gani ba tun 1994. Na jero maka wannan ne don ka daina kallon faɗuwarka a matsayin ragwanci ko rashin iya kasuwa. Abin da ya kayar da kai ya kayar da waɗanda suka fi ka jari.

Kuma ina ganin na fahimci dalilin da ya sa ruwa ya iya tashin ka bayan lallashi da faɗa sun kasa. Shekara 14 kana farkawa ka san inda za ka. Makulli na aljihu, maƙwabcin shago zai ce maka yau ka makara, mai shayi ya san yawan sukarin da kake so, masu haɗa lefe na zuwa su tambaye ka wane zane ne ke tashe. Wutar ba turamen atamfa kaɗai ta ci ba, ta haɗa da wannan duka. Ka wayi gari ba mai jiran ka a ko'ina. Sai daren ambaliya wata tsohuwa ta buƙaci bayanka, ba ta tambaye ka nawa ake bin ka ba, ba ta san ma kana da shago ko ba ka da shi ba. Ƙungiyar da kuka kafa ta dawo maka da lokacin fita, da mutanen da za su yi cigiyarka in ba su gan ka ba, da aikin da in ka gama za ka juya ka ga kwatami na gudu. Wannan magani ne na gaske, kuma ba zan ce ka zubar da shi ba. Amsata ta farko ke nan: kada ka bari.

Sai dai akwai mutum ɗaya a wasiƙarka da ka ba layi uku kacal, alhali ita ta fi kowa aiki a cikin labarin.

Ka san yadda ake awara, amma bari mu bi ta tare. Da daddare ta jiƙa waken suya. Da asuba, lokacin da kake sa takalmi za ka fita, ita ko yaro na kan hanyar inji. A dawo a tace a ƙyalle har hannu ya yi sanyi, a ɗora tukunya, a tsaya a kanta kada ta yi bori, a zuba ruwan tsami a jira ta dunƙule, a ɗaure a danne da dutse, a yanka, sannan a zauna gaban kasko cikin hayaƙi mai na fallatsa a hannu. Ribar da ke ciki 'yar ƙanƙanuwa ce, daga ita za a cire kuɗin wake da mai da itacen gobe, abin da ya rage shi ne tuwon mutum bakwai. A cikin wannan ne kake ɗaukar kuɗin Keke. Ba na faɗa don in kunyata ka ba ne, na san da nauyin zuciya kake ɗauka. Amma ka dubi abin daga inda take zaune. Gobarar da ta same ka ta same ta. Ruwan da ya shiga gidanku kayan ɗakinta ya jiƙa. Shekara ɗaya da rabi tana jinyar mijin da ba ya magana, tana rufa masa asiri wurin maƙwabta da dangi, tana cewa yara Babanku ba ya jin daɗi ne. Tana addu'a Allah ya tashe ka. Allah ya amsa, ka tashi, sai ta ga ka tashi wa mutanen waje. Fara'ar da ta yi wata 18 tana jira, 'yan ƙungiya ke samu. Ita sai gajiyayyen mutum ke dawo mata bayan isha. A unguwa ana ce maka Allah ya saka da alheri sau goma a rana, ita ba mai ce mata ko sau ɗaya.

Na daɗe ina lura da wannan a garinku. Shekarun da rikici ya koro mutane daga Bama da Gwoza da Baga, mafi yawan waɗanda suka shigo Maiduguri ba a sansani suka zauna ba, gidajen mutane ne suka karɓe su. Aka yaba wa masu gidaje, kuma sun cancanci yabo. Amma wa ya ƙara ruwa a miya, wa ya matsa da 'ya'yansa ɗaki ɗaya, wa ya rage wa kansa loma? Kusan duk alherin da namiji ya yi a waje, akwai macen da ta biya wani kaso nasa a cikin gida ba a rubuta sunanta ba. Maiɗakinka tana cikin ƙungiyarku tun ranar farko, ita ce ma mai ba da gudummawa mafi tsoka, ba a dai taɓa tambayar ta ko ta yarda ba.

Don haka maganar inuwar giginya kada ka ɗauke ta zagi. Mace mai son tafiya ba ta cika yin gargaɗi ba. Wadda ta zauna da kai lokacin da kake kwance ba za ta guje ka don ka miƙe ba. Ranar da aka koro 'yarku ce ta karya mata zuciya, kuma da gaskiyarta. Yarinyar nan ma ka tuna da ita, ta isa ta yi lissafi, ta san a ranar ubanta na biya wa 'ya'yan wasu. Ka san labarin Salmanul Farisi da Abud Darda'i da ke cikin Bukhari. Salman ya ziyarci ɗan'uwansa a Musulunci Abud Darda'i, ya tarar da matar gidan, Ummud Darda'i, a hargitse, ya tambaye ta, ta ce ɗan'uwanka ba ya da bukatar duniya. Abud Darda'i ba yawo yake yi ba, azumi yake da tsayuwar dare. Duk da haka Salman ya ce masa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da haƙƙi a kanka, ka ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa. Da aka kai maganar wurin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce Salman ya yi gaskiya. In salla da azumin nafila ba su zama uzurin barin iyali ba, yashe kwatami ba zai zama ba. Kuɗin makarantar marayu bakwai lada ne babba, amma nafila ne a kanka. Na 'yarka wajibi ne.

Yayanka kuwa ya yi maganar da kaifi, irin ta manyan 'yan'uwa da ba sa tauna magana, amma kada zafin ya hana ka ɗaukar abin da ke ciki. Ba na zargin niyyarka, mutum ba ya shiga ruwa har ƙirji cikin dare don riya. Sai dai ka tambayi kanka wannan: me ya sa sai isha? Ƙungiyar mutum 20 a unguwa ɗaya ba ta da aikin da zai cinye yini guda kullum, kwana bakwai a mako. Ina kyautata zaton wasu sa'o'in zama ne kawai a inda ba a bin ka bashi, inda kai ne mai bayarwa. A gida kai ne wanda ake ciyarwa, a waya kai ne wanda ake nema. Kowa zai fi son wuri na farko. Ba laifi ba ne ka ji haka, laifin shi ne a bar shi ya zama shekara uku.

Maganar bashin nan ita ce nake son mu daɗe a kanta, don ina ganin ita ce ƙayar da ke ƙafarka. Kai ɗan kasuwa ne, ka ba da kaya bashi ba sau ɗaya ba. Ka tuna wanda ya fi ƙona maka rai, wanda ya zo ya ce wallahi babu, ko wanda ya kashe waya? Maigidanka ya san an yi gobara, duk ƙasa ta sani. Abin da bai sani ba shi ne ko yaronsa da ya yi shekara 14 a kasuwa ya zama macuci. Shirun da kake yi shi ke ba shi amsar da ba ita ce gaskiya ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, shi ma a Kwari akwai mai bin sa. Ka shirya ka tafi Kano da ƙafarka, kada ka yi ta waya. Ka tafi da Yaya, ka ga ka mayar da mai sukar ka abokin tafiya, kuma zuwan babba yana da nauyinsa. In akwai wani dattijo a kasuwarku da maigidan ke jin kunyarsa, a haɗa da shi. Ka fara da ba shi haƙuri kan wayar da ba ka ɗauka, kafin maganar kuɗi. Sannan ka faɗi abin da za ka iya, komai ƙanƙantarsa, ko dubu 10 ne a wata, wanda ka tabbata ba za ka saɓa ba. A rubuta, a sa shaidu, kamar yadda aya ta 282 ta Baƙara ta koyar. Aya ta 280 kuma ta umarci mai bin bashi ya jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, ta ce in ya yafe ya fi masa alheri. 'Yan kasuwa da yawa sun san wannan, kuma na sha ganin wanda aka je wa a ba shi haƙuri ya yafe wani kaso, ko ya ce ɗauki turmi goma ka fara juyawa. Ba na yi maka alkawarin haka zai faru. Zai iya yin faɗa, ka shanye, yana da haƙƙi. Ko da faɗan ne kaɗai ka samo, za ka dawo kana iya ɗaga waya.

Wani abu kuma da masu kunya irinka ba sa so a faɗa: wanda bashi ya danne ta hanyar halal yana cikin mutum takwas da aya ta 60 ta Tauba ta ce a ba su zakka. Kai da kake rubuta sunayen mabukata a littafi, sunanka ya halatta a irin wannan littafin. In wani mai hali da ya san ka ya tambayi halin da kake ciki, kada ka ce Alhamdulillahi ka yi shiru. Ka ce Alhamdulillahi, ka faɗi gaskiya.

Yanzu ga yadda nake ganin za ka riƙe aikin ba tare da ya cinye gidan ba. A ƙauye na tashi, kuma aikin gayya da na sani yana da farko yana da ƙarshe. A sanar tun kwana biyu, a fito da safe da kiɗa, a kama kunya-kunya ana tsere, kafin azahar an gama gonar, a sha fura a watse. Washegari kowa na gonarsa. Ba a taɓa yin gayya kullum ba, don wanda ya bar gonarsa ciyawa ta cinye, baɗi shi za a yi wa gayya. Ko a gandu, inda 'yan'uwa ke noma wa gida gaba ɗaya, ana bar wa mutum lokacin gayaunarsa. Ka mayar da ƙungiyarku kan wannan tsarin. Ka ware mata safiyar Asabar don aikin ƙarfi, da yamma ɗaya a tsakiyar mako, daga la'asar zuwa magariba, don zama da rubuce-rubuce. Kai marasa lafiya asibiti a raba shi kwana-kwana tsakanin mutum 20, kada ya zama duk wanda cikinsa ya murɗa kai za a kira. Ka zaɓi matashi ɗaya mai natsuwa ka koya masa riƙe littafi, ya zama mataimakinka. Za ka ji wani iri ranar da aka yi aiki ba ka nan kuma ya yi kyau. Ka daure, alamar kun gina abu ne.

Kuɗin Keke daga yau kada ya sake fitowa daga kwanon awara. Ku zauna a ƙungiya ku amince a rubuce cewa duk wanda aka aika, asusu ne zai biya masa kuɗin mota. Ba cin amana ba ne, kuma ba ya rage lada. In asusun ba zai iya ba, to aiken ya fi ƙarfin ƙungiyar, a rage shi.

Sauran kwana biyar na neman abinci ne. Na san abin da ke tsaye maka a rai: wanda ya riƙe shago ya koma tebur ko yawo da kaya a kafaɗa, a kasuwar da kowa ya san shi. Amma mutumin da ya tsaya cikin kwatami da shebur gaban duk unguwa ya riga ya kashe wannan kunyar, bai dai lura ba. Jarinka da wuta ba ta ci ba shi ne idonka da ke gane shadda mai kyau daga nesa, da lambobin matan da suka shekara suna saye a wurinka. Ka je wurin abokan da suka koma shago, ka karɓi kaya kan amana, ka ɗauki hoto ka tura wa tsofaffin masu sayenka ta WhatsApp, ka kai musu har gida, ka ci la'adarka. Masu haɗa lefe ba su daina aure ba. Sannan ga sana'ar da ke ƙofar gidanka tana kuka da rashin hannu. In ka karɓi sarin wake da mai da itace, ka saya da yawa a inda ya fi sauƙi maimakon kwano-kwano, ka riƙe kai niƙa, ka nemo mata masu shayi ko ƙofar makaranta da za a riƙa kai wa, ribar za ta motsa. Amma ka shiga a matsayin mai taimako. Sana'arta ce, ita ta kafa ta lokacin da ba kowa, kuɗin a hannunta za su zauna.

Wataƙila a ranka, ko a bakin abokai, akwai begen wata rana wata babbar ƙungiyar agaji za ta gan ka ta ɗauke ka aiki. Yana faruwa, kuma in ka samu horon taimakon gaggawa irin wanda Red Cross ke ba 'yan sa-kai, zai amfane ka ko an ɗauke ka ko ba a ɗauke ka ba. Sai dai kada ka ɗora tukunyar gidanka a kan wannan. A 2025 da Amurka ta datse kuɗin tallafin da take ba ƙasashen waje, ƙungiyoyi da dama a Arewa maso Gabas sun sallami ma'aikata. Ka dubi Zannah Mustapha na garinku, wanda ya buɗe makarantar marayu a 2007 har ya samu lambar yabo ta Nansen, wadda hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke bayarwa, a 2017. Lauya ne, da sana'arsa ya shigo aikin. Mai tsayawa da ƙafarsa shi ke iya daɗewa yana ɗauke da wani.

Ɗan siyasa kuwa ba sai mun ja ba. In yana son lada, ya sayo siminti ko ya biya kuɗin marayu kai tsaye a makaranta a ba shi rasit, ku yi masa godiya a bainar jama'a. Suna dai kada ku sayar. Ranar da kuka ɗauki sunansa, rabin unguwa sun daina ganin ku nasu, kuma bayan zaɓe shi ma ba za ku gan shi ba. Tun da har kun fara jan ido, lokaci ya yi da za ku yi rajista, ku buɗe asusun banki da mutum uku za su riƙa sa hannu, ku riƙa karanta shiga da fita a gaban kowa duk wata. Kai musamman, da kowa ya san ana bin ka bashi, kada kuɗin ƙungiya su kwana a aljihunka ko na dare ɗaya. Ka riƙe biro, wani ya riƙe kuɗi.

Saura tsoron da ka rufe wasiƙarka da shi, kuma ban ɗauke shi da wasa ba. Abin da ka kwatanta, rashin barci, rashin cin abinci, gudun mutane, kasa yin wanka, har tsawon shekara da rabi, ciwo ne da likitoci suka sani, ciwon damuwa mai tsanani, kuma ana maganinsa. Ba rashin tawakkali ba ne, ba hauka ba ne. Aikin sa-kai ya taimake ka ƙwarai, amma in har kana jin ranar da ka zauna a gida duhun zai dawo, to ciwon bai gama warkewa ba, an dai danne shi da gajiya. A garinku akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a kan hanyar Baga. Ka je ka ga likita tun kana da ƙarfinka, ka ba shi labarin kamar yadda ka ba ni. In ka rage fita ka ga barci ya sake gudu, abinci ya fita ranka, har mako biyu, kada ka jira. In kuwa tunanin gara mutuwa ya taɓa zuwa maka, ko yanzu ko a baya, ka faɗa wa Yaya ko maiɗakinka a ranar, a raka ka asibiti. Ka kuma koma sahun gaba a masallaci, ka tsaya a gaisa bayan salla.

Duk wannan ba zai tafi ba sai ka fara da zama da ita. Ka zaɓi dare bayan yara sun kwanta, ka kashe waya. Kada ka fara da kare kanka, kada ka kawo mata hadisin falalar marayu, ta san shi. Ka ce mata kin yi gaskiya, kin ɗauke mu shekara biyu da wani abu ban taɓa zama na gode miki ba. Ka faɗa mata abin da ka faɗa mini, cewa tsoron ɗakin nan ne ke kora ka waje, don mai yiwuwa ita a ganinta gudun ta kake yi. Sannan ka shimfiɗa mata tsarin, ranar tafiya Kano, kwanakin kasuwa, kwanakin ƙungiya, ka tambaye ta me za ta gyara. In ta yi kuka ko ta fito da tsofaffin maganganu, ka bari ta gama. In ta ce ita dai sai ka bari gaba ɗaya, kada ku yi jayayya. Ka roƙe ta safiyar Asabar kaɗai na wata biyu, ka miƙa sakatarci ga mataimakinka na wannan lokacin, ta ga kamun ludayinka. Ina kyautata zaton in ta ga cefane ya fara shigowa ta hannunka, ko na ɗari biyar ne, ita da kanta za ta tuna maka ranar taro. In kuma abin ya ƙi daidaituwa tsakaninku, ku sa babba ɗaya daga wajenta da ɗaya daga wajenka tun ba ta ɗauki mayafi ba.

Kuɗin farko da ya shigo hannunka, kafin maigidan Kano, kafin komai, na makarantar 'yarka ne. Kada ka aika, ka riƙe hannunta ku tafi tare ka biya tana gani. Na biyu ka lissafa kuɗin Keken da ka ɗauka gwargwadon abin da ka tuna, ka mayar cikin kwanon awara. Za ta ce ka bar shi. Ka saka duk da haka.

In ka dawo daga Kano ka rubuto mini yadda kuka yi da maigidan. Allah ya warware maka, ya biya maka bashinka, ka gaida Yaya da mutanen gida.